Hanyar Samun Digiri a Fiziks

Fiziks ilimi ne da ke bayyana yadda haske, zafi, sauti da lantarki suke aiki. Ɗan mai shago a Kasuwar Ochanja ta Anacha yana iya karanta shi a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka.

Da farko, sai ya sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Sannan ya ci jarrabawar JAMB. Karatun na shekara 4 ne: darussa, gwaje-gwaje, da aikin bincike a shekarar ƙarshe.

Wanda ya faɗi Lissafi ba zai sami gurbi ba, sai ya sake jarrabawa. Saboda haka, ku dage tun yanzu.