Kayan Haɗin Rediyon Oba-Oba: Me Za Ka Fara Saya?

Jama'a, rediyon oba-oba ya zama abokin aikin 'yan sintiri a unguwanni irin su Narayi. Ɗaya daga cikin waɗanda ake gani shi ne Baofeng UV-5R, ƙirar ƙasar Sin.

In kuɗinka kaɗan ne, fara da eriya. Gajeriyar da ke zuwa cikin kwali ba ta kai murya nesa, balle inda gidaje suka cunkushe. Doguwa ta fi ta. Amma bakin eriya iri-iri ne. In za ka ƙetara Kogin Kaduna zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, tafi da rediyonka a ɗaura maka a gabanka. Kada ka taɓa danna maɓallin magana babu eriya a jiki, domin hakan na iya ƙona rediyon.

Sai batir na biyu, saboda ɗaukewar wuta. Nasa na asali 7.4V ne. Jabu sun yi yawa, kuma babban adadi a jikin kwali ba shaida ba ce. Caja ma a nemi tasa.

Abin sawa a kunne da jakar fata suna iya jira.

Kafin duk wannan, nemi lasisin gwamnati. Lambar kiran masu wannan lasisi a Nijeriya tana farawa da 5N.