Suna ɗaya, kaya daban: kafin ka sayi irin kifi ko ka shiga Dawanau haɗa abinci

Yau maganar suna za mu yi, domin na lura asara da yawa a harkar nan tun a bakin ciniki take farawa: ka ambaci suna, mai kaya ya miƙo maka abin da shi ya sani da wannan sunan, alhali ba shi kake nufi ba.

Bahaushe ya saba aro sunan tudu ya kai ruwa. Akwai giwan ruwa, akwai ragon ruwa. Akwai gwando, kifin nan dogo mai ɓawo mai tauri, wanda harafi ɗaya ne ya raba shi da gwandar da muke sha. Wannan a hira ba ya cutar da kowa. Amma idan da kuɗinka a ciki, dole ka bi suna har gindinsa.

Mu fara da tarwaɗa. Wadda aka fi kiwo a tankunan siminti da na tamfol ita ce masana ke kira Clarias gariepinus. Fiffiken bayanta ɗaya ne, dogo, ya tafi har kusa da wutsiya. Akwai 'yar uwarta ramboshi, wato Heterobranchus: nata fiffiken ya tsaya a hanya, sai wani na biyu, tsoka zalla babu ƙaya, ya biyo baya. Ramboshi ta fi girma amma tana jinkirin balaga. Sannan akwai barbarar su biyun, mai saurin girma, sai dai ba a dogara da ita wajen ajiye iyaye don ƙyanƙyasa. Duka ukun a bakin mai sayarwa "tarwaɗa" ne. In kasuwar wata huɗu zuwa shida kake hari, ko kuwa iyaye kake son tanada, ai ba iri ɗaya za ka ɗauka ba.

Haka karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza. A madatsun ruwanmu irin su Tiga, Challawa da Watari akwai kala fiye da ɗaya. Wadda ta dace da kiwo ita ce Oreochromis niloticus, ana gane ta da zane-zanen da suka ratsa wutsiyarta a tsaye. Mai jan ciki ɗin nan, zillii, ba ta kai ta girma ba. Kuma ko ta kirkin ce, in ka zuba maza da mata tare za su yi ta haihuwa su cika kududdufi da ƙanana, kowa ya tsumbure. Shi ya sa masu kiwonta don kasuwa suke neman maza zalla. Wanda ya ce maka "karfasa ce daga dam" a bokiti, bai gaya maka komai ba tukuna.

To mu dawo ɓangaren tsirrai. Kasuwar hatsi ta Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa kan titin Katsina, babu abin haɗa abinci da za ka rasa: masara, dawa, gero, waken suya, gyaɗa, busasshen rogo. Amma nan ma suna yana ruɗi.

Wake: waken da muke dafawa furotin ɗinsa wajen kashi 22 zuwa 25 cikin 100 ne, waken suya kuwa yana kusantar kashi 40. Tarwaɗa tana buƙatar abinci mai kashi 35 zuwa 45, gwargwadon girmanta, masara kuma ba ta wuce kashi 8 zuwa 10 ba. Ka ga in aka musanya maka, lissafi ya rushe. Kuma ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin, sai an soya shi ko an dafa kafin a niƙa, ko na kifi ne ko na kaji.

Dusa: akwai ta alkama, ta masara, ta shinkafa. Ta shinkafa wani lokaci ɓuntu ne aka niƙa aka cakuɗa, ciki zai cika amma jiki ba zai ƙaru ba. Ɗebo ka murza a tafin hannu. In tana kartar ka, ka bar ta.

Ƙuli: na ci daban, mai gishiri da yaji, tunkuzar da aka matse wa mai daban. Kowanne ne, ka shinshina, ka fasa ka duba cikinsa. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗa mai wannan guba, a nan ne ma aka fara gano ta.

Rogo: akwai mai zaƙi, akwai mai ɗaci. Mai ɗacin da ɓawonsa sai an jiƙa an shanya sosai kafin a ba dabba.

Sai kainuwa, dashen Allah. Mutane kan haɗa duk abin da ke yawo a saman ruwa su kira shi da wannan suna. Wani matashi a unguwarmu ya ji ana cewa karfasa da kaji suna cin "kainuwa", ya je ya kwaso mai manyan ganye ya zuba a kududdufinsa. Cikin 'yan makonni ta rufe ruwan ruf, rana ba ta shiga, kifi suka riƙa tasowa da asuba suna haki. Wadda ake nufi ita ce 'yar mitsitsiyar nan mai ganye kamar ƙwayar riɗi, ita ma ana ware mata wurinta ne, a riƙa ɗebowa daidai ci. Ka kuma kula da abin da ke faɗawa ruwanka: magimfa da ɓawon aduwa tun kaka da kakanni masunta ke bugar da kifi da su.

Shawarata guda huɗu ce. Kada ka sayi 'ya'yan kifi ta waya. Je wurin ƙyanƙyasar, ka ce a nuna maka iyayen. Ka tambayi sunan kimiyya, in mai shi bai sani ba, ka duba fiffike da wutsiya da idonka. A Dawanau ka fara da kwano ɗaya ka gwada kafin ka ɗauki buhu, kuma a zuba maka bambu har tsakiyar buhun. Sannan ka rubuta abin da ka saya da wurin wanda ka saya, don gobe.

Sunayen nan suna canjawa daga Kano zuwa Yawuri zuwa Haɗeja, don haka kowa ya faɗa mana yadda ake kiran su a garinsu mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kare mu daga asara.