Wai littafi ba ya jinya?

Duk shekara, idan ɗaliban jinya na ajin ƙarshe suka rubuta jarrabawar kansil suka fara haɗa kaya, akwai wata nasiha da ba sa mantawa su bar wa ƙannensu masu shigowa. Sukan ce: "Ku dai yi hadda ku tsallake jarrabawar PTS. Aikin gaskiya a wod ake koyon sa, littafi ba ya jinya." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, kuma ba su faɗa ba sai da suka sha aikin dare suka ga abin da suka gani. Duk da haka ina ganin maganar tana bukatar gyara kafin sababbi su riƙe ta.

Inda suke da gaskiya a fili yake. Babu shafin da zai koya wa yatsa nemo jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ko ya koya wa budurwa 'yar shekara 19 yadda za ta ce wa sa'an kakanta, "Baba, a yi haƙuri zan gyara maka kwanciya," har ya saki jiki. Wannan sai a gaban tsofaffin sistoci.

Amma mu ɗauki mai cikin da aka kawo tana jijjiga. Maganin da ake ba ta, magnesium sulphate, kowane ɗalibi zai iya koyon zuƙo shi da yin allurarsa cikin mako guda. Kafin kowace allura ta gaba kuwa, sai an ƙirga numfashinta, an ƙwanƙwasa gwiwarta an ga ƙafa ta motsa, an kuma auna fitsarinta kada ya gaza mililita 30 a awa. Me ya sa? Domin ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki. Idan fitsari ya ragu, maganin yana taruwa a jini, gwiwa ta daina amsawa, daga nan numfashi ya tsaya. Ɗalibar da ta koyi wannan da kallo kawai za ta riƙa ƙwanƙwasa gwiwa saboda ta ga ana yi, ranar da aiki ya yi yawa kuma ta tsallake shi, tun da ba ta san abin da yake karewa ba. Wadda ta karanta ita ce za ta dakatar da allurar, ta nemo calcium gluconate, ta aika a taso likita.

Haka yaron da tamowa ta kama. Ido yana ganin sa a bushe, tausayi ya ce a rataya masa ƙarin ruwa, a cika shi da abinci da maganin ƙarin jini. Karatu ne ke cewa a'a. Zuciyarsa ta yi rauni, ruwa da yawa ta jijiya na iya kashe shi, don haka da madarar F-75 ake farawa kaɗan-kaɗan, sinadarin ƙarfe kuma sai ya fara farfaɗowa.

Akwai kuma abin da masu nasihar ba su cika faɗa ba. Wod yana koyar da mai kyau da marar kyau a lokaci guda, bai kuma rubuta wa kowanne suna a goshi ba. A can ake koyon rubuta "20" a gurbin numfashi ba tare da an duba agogo ba, a can ake koyon mayar wa allura murfi da hannu biyu bayan an yi amfani da ita. Ɗalibin da ba shi da abin auna abin da ya gani, duka zai kwasa.

An ma bincika batun. A shekarar 2014 mujallar The Lancet ta buga aikin Linda Aiken da abokanta a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, inda suka gano cewa duk lokacin da masu digiri a cikin ma'aikatan jinyar asibiti suka ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana raguwa da kusan kashi 7. Turai ke nan, inda likita yake kusa. Ina ga ƙaramin asibitin ƙauye a Jigawa ko Zamfara, inda nas ko ungozoma ita kaɗai ce da tsakar dare, babu wanda za ta juya ta tambaya?

Ina zargin ba littafin ne yayyen nan suka tsana ba, haddar ce, wadda ake yi a daren jarrabawa a zubar da safe. Ita kam ba ta jinya. Don haka da zan sake wa nasihar tasu kalmomi, cewa zan yi: duk majinyacin da ka gani yau, da dare ka buɗe babin cutarsa ka karanta, gobe ka koma ka sake duban sa. Idan ka ga sista ta yi abin da ya saɓa wa abin da ka karanta, kada ka ƙalubalance ta a gaban majinyaci. Bari sai an natsu ka ce, "Sista, don Allah me ya sa aka yi kaza?" Sau da yawa tana da dalilin da littafin bai kawo ba, wani lokaci kuma ita ma za ta ce maka haka ta tarar ana yi.