Ruwa na Tafiya, Gishiri na Zaune

A Amurka da Jamus da Ingila akwai masu kiwon murjani mai rai a cikin falo. Sukan kafa tankin gilashi, su haɗa ruwan gishiri irin na teku, su rataya fitilu masu ƙarfi a sama, su saki ƙananan kifaye masu launi. Murjanin nan dabba ce, kuma dabba mai tsirfa. Tana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyos, tana son gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo na ruwa. Abin da ba ta jurewa shi ne canjin gaggawa. Ga shi kuwa tankin ba ya daina asarar ruwa, dare da rana.

Duk wadda ta saba da murhu ta san sirrin wannan asara. A ɗora miyar kuka, a ɗanɗana, gishiri ya ji daidai. A bar ta a kan wuta babu murfi a tafi tuƙa tuwo. Kafin a dawo ruwa ya tsotse, miya ta yi kauri, gishiri ya zarce, alhali ba wanda ya ƙara ko ƙwaya ɗaya. Tururi ruwa zalla yake ɗauka, gishiri yana nan a gindin tukunya. Shi ya sa uwargida ba ta gyara irin wannan miya da wata miyar. Ruwa take ɗiba a ludayi, ta zuba kaɗan, ta juya, ta ɗanɗana, ta sake zubawa.

Haka lissafin tanki yake. Ɗauki mai cin lita 400. In lita 8 suka tashi, gishiri ya hau daga 35 zuwa kusan 35.7. In aka yi tafiya aka bar shi har lita 40 suka tashi, ya kusa 39. Bahar Maliya da alhazai ke gani a Jidda ta kai kusan 40 saboda zafin rana da ƙarancin ruwan sama, amma murjaninta a haka ya taso tun asali. Na cikin falo, in aka jefa shi wannan hali cikin 'yan kwanaki, sai ya takure, ya koɗe. Sabon shiga yakan ga ruwa ya sauka ya cike da ruwan gishiri, ya ƙara wa matsalar ƙarfi. Wani kuma ya bari sai Asabar ya antaya bokitin ruwa zalla lokaci guda, gishiri ya faɗi warwas. Duka biyun cutarwa ne.

Abin da ya dace shi ne ruwa tatacce da aka cire masa gishiri da ƙarafa da sinadarin kulorin, a mayar da shi kaɗan-kaɗan kullum. Ruwan famfo ba ya yi, domin abin da ke cikinsa shi ma ba ya bin tururi, taruwa yake yi wata bayan wata har gansakuka ta rufe duwatsu. Ƙwararru sukan ajiye jarka a gefe da ƙaramin famfo mai na'urar lura: ruwa na sauka ƙasa da alama, sai famfo ya tashi ya ƙara 'yan cokula ya tsaya. Wanda ba shi da ita, ya ja layi da alƙalami a jikin gilashi ya riƙa cikewa safe da yamma. Na'urar awon gishiri kuwa dole ce, ido ba ya ganin bambancin 35 da 37.

Saura rabin aikin da aka fi mantawa: ruwan da ya tashi bai ɓace ba, yana cikin ɗaki. A ƙasashen sanyi, lokacin hunturu, injin ɗumama gida yana busar da iska, tanki ya ƙara zuƙewa, tururin ya je ya kwanta a kan taga mai sanyi yana tsiyaya. Daga nan fenti ya kumbura, ƙofar katako ta cije, hunhuna ta yi baƙi a bayan kabad, mai asma ya fara tari. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar laimar cikin gida ta tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100, an fi son 30 zuwa 50. Ma'aunin laima ƙarami ne mai araha, ya kamata ya zauna kusa da kowane tanki. Akwai kuma farin ɓawon gishiri da ke taruwa a bakin gilashi da jikin waya. Wannan daga fantsama da fashewar kumfa yake, yana cin ƙarfe, yana da haɗari kusa da soket, tsumma mai ɗanshi ne maganinsa.

To me zai hana a rufe tukunyar? Murfin gilashi yana rage asarar ruwa sosai, amma da kuɗinsa. Tashin tururi ne ke sanyaya tanki, kowace lita da ta tashi tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400. In aka rufe ruf, zafin fitila ya maƙale, musayar iska ta ragu, ruwa ya karkata zuwa tsami, murfin ya yi hazo ya tare haske. Saboda haka da yawa sukan zaɓi raga, wadda ke hana kifi tsalle waje ta bar ruwa ya sha iska. A lokacin zafi ma har fanka ake kunna wa saman ruwan da gangan.

Tunda tururin dole ne, sai a yi masa hanya: fankar da ke fitar da iska waje, ko injin tsotse laima, da ɗan tazara tsakanin tanki da bango. Mai niyyar kiwon murjani ya yi wannan tanadi kafin ya sayi kifi ko ɗaya, domin lafiyar mutanen da ke kwana a gidan tana cikin amanar da ya ɗauka.