Azumin Waya: Yadda Wasu Kiristoci Ke Neman Salama Nesa Da Kafofin Sada Zumunta

Ko wane ne ya fara raɗa wa Facebook da WhatsApp da TikTok sunan "kafofin sada zumunta" ya yi musu kara, domin ya ɗora musu kalma mai nauyin gaske. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, wato sai an taka an je, an gaisa, an zauna. A majami'un Arewa kuwa, irin su ECWA da COCIN da EYN, kalmar ta ƙara samun daraja. Da zarar an ce Zumuntar Mata, kowa ya san ana nufin matan nan masu anko da ke haɗuwa don addu'a da waƙa, su duba marar lafiya, su yi ta'aziyya, su riƙe gwauruwa da marayunta. Tambayar da ke damun Kiristoci da dama a yau ita ce: shin zumuntar da waya ke sadawa tana haifar da farin ciki da salamar da waccan ke haifarwa? Waɗanda suka ga ba haka ba sun soma abin da za a iya kira azumin waya.

Ya kamata mai karatu ya fara fahimtar abin da Kirista ke nufi da waɗannan kalmomi biyu. Salama ta shigo Hausa daga Larabci, kuma tushenta ɗaya da kalmar shalom ta Ibrananci, wadda ke ɗauke da ma'anar cika da lafiya da daidaituwar al'amura. Saboda haka ta zarce rashin faɗa kawai. Ita kuma kalmar farin ciki a Helenancin Sabon Alkawari 'yar uwar kalmar alheri ce, daga saiwa ɗaya suka fito. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, Manzo Bulus ya lissafa su biyun cikin 'ya'yan da Ruhu ke haifarwa, kuma wasiƙar da ya fi yawan ambaton farin ciki a cikinta, ta Filibiyawa, yana tsare ya rubuta ta. A taƙaice, a tauhidin Kirista farin ciki kyauta ce da ake karɓa, bai rataya ga yabon jama'a ko kyawun yanayi ba.

A nan ne ake samun karo da yadda aka gina waɗannan kafofi. Kamfanonin suna samun kuɗi ne daga talla, talla kuwa tana bukatar idon mutum ya daɗe a kan allo. A 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, wanda ake ta ja da yatsa ba a kaiwa ƙarshe, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadamarsa. A 2009 Facebook ya kawo maɓallin nuna so, sai yabo ya zama abin ƙidaya. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 an yi wani lokaci da na'urar tace saƙonni ke ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki ninki biyar na alamar so. Mutumin da ya buɗe ido da asuba ya faɗa cikin irin wannan kasuwa ya riga ya sayar da natsuwar yininsa tun kafin ya yi addu'ar safe.

Mu a Arewa mun san cewa lamarin bai tsaya ga ɓacin rai ba. Binciken da BBC ta wallafa a 2018 ya nuna yadda hotunan gawarwaki, waɗanda wasunsu ba a Nijeriya ma aka ɗauke su ba, suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin yankin Barkin Ladi a watan Yunin shekarar, kuma 'yan sandan Jihar Filato sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. Wasiƙar Yaƙub ta kwatanta harshe da ƙaramar wuta mai cinye babban daji. A zamaninmu babban yatsa ya gaji aikin harshe.

Janyewa don neman Allah daɗaɗɗiyar al'ada ce a addinin Kirista. Linjila ta nuna Yesu Almasihu yana tashi tun da sauran duhu ya nufi wurin da ba kowa don addu'a, alhali jama'a na nemansa. A ƙarni na uku da na huɗu, Antoni na Masar da waɗanda suka bi sawunsa sun koma hamada suna gudun hayaniyar birane. Azumin kwana 40 kafin Ista, wanda Katolika da Angilika da wasu ɗariku ke farawa ranar Larabar Toka, ya ginu a kan wannan tunani. Shi ya sa a Larabar Toka ta 2020 marigayi Paparoma Francis ya shawarci mabiyansa da su kashe talabijin su buɗe Littafi Mai Tsarki, su ajiye waya, su kuma kame baki daga gulma da zagi a intanet. Shekara guda kafin nan, a 2019, Cocin Ingila ya fitar da ƙa'idojin ɗabi'a ga mabiyansa masu amfani da waɗannan kafofi.

Binciken masana ma ya ba da nasa haske. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, a 2018, an yi gwaji da ɗalibai 143, inda aka taƙaita wa wani rukuni amfani da Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku, sai aka ga kaɗaici da baƙin ciki sun ragu a cikinsu. Wani binciken da Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da abokan aikinsu suka wallafa a 2020 ya bi mutanen da suka rufe shafinsu na Facebook na mako huɗu. Sun samu rarar kimanin sa'a guda a kullum, sun ƙara zama da iyali da abokai, jin daɗinsu ya ɗan ƙaru, tsananin ra'ayinsu na siyasa ya sassauta. Sai dai kuma sanin labaran yau da kullum ya ragu a wurinsu.

Wannan batu na ƙarshe abin lura ne, domin janyewa tana da tata asara. Lokacin kullen korona a 2020, ta waɗannan kafofi majami'u da yawa suka riƙa isar da sujada ga mutanensu. Ta WhatsApp ake sanar da rasuwa da biki, a tara gudummawar asibiti. Ɗan kasuwa da ɗan jarida ba za su iya yin hijira gaba ɗaya ba. Haka kuma, ajiye waya kaɗai ba ya haifar da salama. Linjila ta ba da misalin gidan da aka share aka bari fanko, sai abin da aka kora ya dawo da waɗanda suka fi shi mugunta. Sa'ar da aka ƙwato daga allo, in ba a cika ta da addu'a da karatu da ziyara ba, wata hayaniyar ce za ta cinye ta.

Saboda haka masu wannan azumi sukan bi matakai masu sauƙi: kada a taɓa waya kafin addu'ar safe, a kashe ƙarar sanarwa, a fita daga zaurukan da ba sa haifar da komai sai gardama, a keɓe ranar Lahadi ta zama hutu daga allo, a riƙe littafin takarda a majami'a domin kada saƙo ya ratsa wa'azi. Mafi muhimmanci, duk wanda aka saba aika wa gaisuwa da hoton fure, a tashi a je gidansa ko sau ɗaya a wata.

Daga ƙarshe, ina ganin darasin ya shafi duk mai waya a aljihu, ko wane addini yake bi. Hankali amana ce, kuma akwai masu cin riba da warwatsewarsa. Wanda ya yi mako guda yana auna abin da ya rasa da abin da ya samu, shi zai san ko zumuntar da yake yi ta ƙafa ce ko ta yatsa.