Uwargida, Dubi Gindin Bangonki

Yau zancenmu na gini ne. Wata za ta ce, ina ruwan mace da gini, ai aikin maza ne? To, tsaya ki ji. Maigida yakan yi sammakon gona ko kasuwa, sai magariba. Ke ce mai shara, ke ce mai zubar da ruwan wanke-wanke, 'ya'yanki ne ke kwana jikin bango. In gida ya fara ciwo, ke za ki fara gani.

Ƙasar Birnin Gwari ƙasa ce mai ruwa. Damina takan faɗi wajen watan Mayu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ruwan nan shi ya raya dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Shi ne kuma ke cin gindin bangonmu. Ga wani abu kuma. Shekarun da 'yan bindiga suka hana zaman lafiya, ƙauyuka da yawa sun watse. Bayan sulhun 2024, da aka sake buɗe kara a watan Nuwamba, mutane da dama sun koma gidajen da suka sha damina bisa damina, ba yaɓe, ba mai yashe rariya. Irin wannan ɗaki, kada a shimfiɗa tabarma a ciki sai an dudduba shi.

Ga alamun da za ki lura da su. Ƙofa ta fara cijewa alhali da ba ta yi. Tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga, ta yi karkace. Gindin bango ya zaizaye, ko kullum yana da laima. Daɓen siminti ya lotsa, ruwa na kwanciya a tsakiyarsa. Ki ƙwanƙwasa shi da taɓarya a hankali. Inda ya yi amo kamar ganga, to, ƙarƙashinsa rami ne.

In kin ga tsaga, ki sa gawayi ki yi alama a bakinta na sama da na ƙasa. 'Yar makaranta ta rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako biyu a duba. In tsagar ta wuce alama, ƙasa na motsi ke nan, a kira magini. In kuwa yatsa na shiga ciki, ko bango ya sunkuya, a kwashe yara tun daren nan. Ɗakin maƙwabta ya fi makoki.

Mafarin ciwon yawanci ruwa ne. Indararo na zuba daidai gindin bango, rariya ta toshe, ko an haƙa masai dab da ɗaki. Wani lokaci kuwa cikon da aka zuba ne ba a kirɓa shi ba, sannan aka malala siminti a kai. Gara ma takan yi gida a ƙarƙashi ta kwashe ƙasa. Saboda haka liƙe tsaga da siminti ba tare da an kau da ruwa ba, asarar kuɗi ce. Baɗi za ta sake buɗewa.

Gyaran farko hannunki yake. A yashe rariya. A jera duwatsu inda indararo ke zuba. A yi wa gindin bango ciko da marmara, ya gangara waje. Ruwan wanki a kai shi nesa da gini.

Daɓen da ya lotsa, a Amurka huda shi suke yi su ɗura kwaɓi ta ƙarƙashi har ya taso. Mu a nan fasa wurin ya fi sauƙi. A tone gidan gara in akwai. A zuba marmara kaɗan kaɗan, kada ta wuce inci 6 a zubi guda, a yayyafa ruwa a kirɓa, sannan a ƙara. Wannan ba baƙon aiki ba ne gare mu: iyayenmu mata da madaɓi da ruwan makuba suke daɓen da ke shekara da shekaru. Kwaɓi kuwa, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kaurinsa inci 4. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Harsashin da ya nutse aikin magini ne, kuma da rani ake yinsa. Amma ki sa ido. Magini na ƙwarai ba ya tone ƙarƙashin bango gaba ɗaya. Yakan tona kamar taku uku, ya cika da kankare, ya bari ya kama, sannan ya matsa wani wuri.

Ki gaya wa maigida cikin ladabi, ki kai shi ya gani da idonsa, tun buhu guda na isa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin. Sai mako mai zuwa.