MATATAR RUWA TA GIDA DA ƊAN FAMFONTA

Kwanan baya wani mai gida ya zo dispensa da ɗansa mai ciwon ciki. Muna cikin magana sai ya ce mini ya sayi matatar ruwa mai tsada a birni, irin wadda masu sayarwa su ke kira R.O., amma tun da aka kafa ta ruwa ɗis-ɗis ya ke fitowa, wuni guda ba ta cika buta. Matansa suka gaji da jira, suka koma ɗiba daga randa kamar dā. Na bi shi gida na duba. Matatar lafiyarta lau. Abin da ta rasa ƙarfin turi ne, kuma da an gaya masa wannan kafin ya ba da kuɗinsa da bai yi wata uku yana zagin ƙarfe ba.

YADDA TA KE AIKI

Ku dubi mace in tana tatar ƙullun koko. Ta zuba shi cikin ƙyalle, ruwa kaɗan ne zai sauko da kansa. Sai ta murɗa ƙyallen ta matsa da hannu kana gasara ta fito. To, cikin wannan matata akwai wani tantani na roba, an naɗe shi kamar tabarma cikin bututu. Ƙofofinsa sun fi na ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har gishirin da ya narke cikin ruwa ba ya iya wucewa sai ɗan kaɗan. Ruwa ba ya ratsa irin wannan tantani sai an matsa shi da ƙarfi. In ruwan ya cika gishiri kuwa, sai an ƙara matsawa, domin gishirin yana jan ruwan baya.

A kan auna ƙarfin turin ruwa da wani ɗan agogo, a jikinsa an rubuta psi. Tantanin ba ya aikin kirki in allurar agogon ba ta kai 40 ba, ya fi son wajen 60. Yanzu ku yi lissafi da ni. Tankin da aka ɗora bisa tsawon mita 10 yana ba da psi 14 ne kawai. Namu na ƙauye, wanda a ke ɗorawa kan ƙarafa ko ginin bulo mai mita 4, bai fi psi 6 ba. Wanda ya ke son 40 daga tanki kaɗai, sai ya ɗaga shi mita 28, watau sai ka ce ya ɗora shi a kan doguwar giginya. Girman tanki ba ya ƙara kome, tsawon da ya ke bisa shi ne magana.

Saboda haka a ke sa wani ɗan famfo, masu gyara suna ce da shi busta. Girmansa bai fi kwalbar man gyaɗa ba. Yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, wadda ya ke samu ta ɗan akwatin da a ke sayar da shi tare. Ba ya cin wuta da yawa, ƙaramin farantin sola da batir da inbata sun ishe shi. Shi ne hannun matar nan mai murɗa ƙyalle.

In babu shi hasara biyu ce. Ta fari, ruwa ba ya fitowa. Ta biyu ita ce ba a gani da ido: in turi ya yi rauni, ɗan ruwan da ya fito yana tafe da gishiri fiye da yadda ya kamata, ga shi kuma yawancin ruwan ya bi bututun zubarwa ya tafi.

KAFIN KA SAYA

Ya kai mai gida, kada ka sayi wannan abu don ka gani gidan maƙwabci. Yawancin cututtukan da ruwa ya ke kawo mana dispensa, kamar amai da gudawa, da zawo, da taifot, ƙwayoyin cuta ne su ke kawo su. Tafasa ruwa ko sa masa maganin kulorin yana kashe su, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. In ruwanku ba shi da wani aibu sai wannan, riƙe kuɗinka.

Amma akwai abin da tafasa ba ta fitarwa, sai ma ta ƙara masa yawa, domin ruwa ya kan tafi cikin tururi ya bar shi a tukunya. Ɗaya shi ne zartsi, wanda kowa ya san shi a harshe. Ɗaya kuma wani sinadari ne mai suna fulorayid, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya ke fitowa, ba shi da ɗanɗano ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 cikin lita guda. In ya yi yawa haƙoran yara su kan yi ja-ja ko baƙi-baƙi, kamar yadda a ke gani wajen Langtang da Kaltungo. A Tibiri kusa da Maraɗi, wajen shekarar 2000, an sami yara masu yawa waɗanda ƙasusuwansu suka lanƙwashe saboda ruwan burtsatse mai wannan abu. Na uku shi ne naitiret, wanda ya ke tsiyaya cikin rijiya daga shadda, da turken dabbobi, da takin zamani. In ya wuce miligiram 50 cikin lita yana cutar jarirai, har leɓɓansu su yi shuɗi. Irin waɗannan su ne aikin R.O. Ka ɗebi ruwan rijiyarka cikin kwalba mai tsabta, ka tambayi duba-gari ko ma'aikatan hukumar ruwa inda za a gwada maka shi.

KAFA FAMFO

Gaban tantani akwai waɗansu matatai biyu ko uku cikin kofuna dogaye. Ta fari fara ce, tana tare yashi da laka. Sauran na gawayi ne, suna tare kulorin, domin kulorin yana cinye tantani. Famfo yana zama bayan mai tare yashi, kafin tantani. In aka sa shi gabanta, yashi zai shiga ya ci robar cikinsa.

Ka dubi lambar da ke jikin tantani, ko galan 50 a yini, ko 75, ko 100, ka sayi famfo daidai da ita. Ƙarami ba zai tura ba, babba kuwa zai kai allura kusa da 100, kofuna su fara yoyo. Kada kuma ka ɗauka za ka sami galan ɗin da aka rubuta cif. Lokacin hunturu, da ruwa ya yi sanyi, ya kan ragu ƙwarai, ba lalacewa ba ce.

Akwai 'yan makunnai biyu da su ke tafiya da famfo. Ɗaya yana kashe shi in ruwa ya ƙare a tanki, ɗaya yana kashe shi in ma'ajin ruwan sha ya cika. Na sha ganin mai gyara ya cire na farin, wai yana hana famfo tashi. Kada ka yarda. Famfon da ya yi ta gudu babu ruwa ba ya daɗewa. In makunnin ya ƙi tashi, a ƙara wa tanki tsawo, ko a sake bututu mai faɗi, ko a duba ko matatar yashi ta toshe. Akwatin wutar kuma a rataye shi bisa, inda ruwa ba ya fantsama, inda hannun yaro ba ya kai.

Ruwan da ya ke fita ta bututun zubarwa ya kan ninka na sha sau biyu ko uku, wani lokaci huɗu. Mutum ya kan ji zafin ganinsa, musamman cikin bazara, har ya so ya toshe bututun. In ya toshe, gishirin ba shi da hanyar fita, sai ya daskare jikin tantani ya kashe shi. A tara wannan ruwa cikin duro, a yi wanki da wanke-wanke da yayyafin tsakar gida. Kada a sha, kada a dama wa yaro kunu da shi.

Uwargida, ke ce kusa da ita kullum, ke za ki fara gane in ta canza. In allurar agogo ta sauko, famfo yana ƙara amma ruwa ya ragu, yawanci matatar yashi ce ta cika. A sake ta da na gawayi bayan kamar wata shida, in ruwan rijiya mai laka ne kafin haka. Tantani ya kan yi shekara biyu ko uku. In ruwa ya soma komawa ɗanɗanonsa na dā, lokacinsa ya yi.

Abu guda kuma. Wannan matata ba a yi ta don ruwan kududdufi ko tafki ba, kuma in robar bakinta ta tsage ƙwayoyin cuta suna iya wucewa ba wanda ya sani. Don haka ruwan jariri a tafasa shi ko da ya bi ta cikinta. Na sauran mutanen gida kuma a zuba shi cikin jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa, kada a tsoma moɗa.